Shanyewar ɓarin jiki bayan gyaran babbar jijiyar ƙirji ta cikin jijiya

Awota ita ce babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya. Idan ɓangarenta na ƙirji ya kumbura, ko bangonta ya tsage saboda hawan jini, ko ta yage a haɗarin mota, akan gyara ta ba tare da an buɗe ƙirji ba. Aikin, wanda ake kira TEVAR, Michael Dake da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford a Amurka ne suka ba da rahotonsa a 1994. Ana shiga ta jijiyar matsematsi, a tura waya har ƙirji, a bi ta da bututun ragar ƙarfe mai rufin yadi, a buɗe shi a wurin da ya lalace. Daga cikin matsalolinsa mafiya muni akwai shanyewar ɓarin jiki, wadda ke samun kamar mutum 2 zuwa 8 cikin 100.

Tushen matsalar yana wurin da awota ta lanƙwasa kamar baka, domin daga nan jijiyoyi uku da ke ciyar da kai da hannuwa suka fita. A jikin tsofaffi bangon wurin yakan tara daskararren kitse. Waya mai tauri da kuben da ke ɗauke da bututun (kaurinsa yakan kai milimita 7 ko 8) suna gogar bangon, ɓarɓashi ya ɓalle, jini ya kwashe shi zuwa ƙwaƙwalwa. Iskar da ta maƙale a ninkin yadin ma tana yin wannan ɓarnar, shi ya sa wasu likitoci ke fara kore ta da iskar kabon-dayoksaid kafin su wanke da ruwan gishiri.

Hanya ta biyu da matsalar ke aukuwa ita ce toshe jijiyar hannun hagu da gangan, don bututun ya sami wurin kamawa. Daga wannan jijiya reshen da ke hawa ta ƙashin wuya zuwa ƙeyar ƙwaƙwalwa yake fita, kuma a jikin mutane da yawa na hagun ya fi na dama girma. Don haka, idan ba aikin gaggawa ba ne, akan fara haɗa ta da jijiyar wuya ta hagu. Wanda aka taɓa yi wa aikin zuciya da wani reshe na jijiyar hannun hagun kuwa, haɗin wajibi ne.

Kafin aiki ana duba hoton CT tun daga ƙirji har kai. Lokacin aiki ana ba da hefarin, maganin hana jini daskarewa, ana auna daskarewar jini, ana kuma rage yawan kai da kawowar waya a cikin bakan.

Abin da ya fi wahala shi ne ganewa da wuri. Maras lafiya ya farka baki ya karkace, ko magana ta harɗe, ko jiri da gani biyu-biyu, masu jinya su ce maganin barci ne bai sake shi ba. Toshewar jijiyar ƙeya ta fi ruɗarwa, don hannu da ƙafa na iya motsi lafiya. Allurar narkar da gudan jini tana da haɗari ga wanda aka yi wa aiki kuma aka ba hefarin, sai dai a zaro gudan ta waya idan babbar jijiya ce ta toshe. Mutanen Abuja da Jos da aka yi musu aikin a Indiya ko Masar ya kamata su dawo da takardar da ta nuna inda aka kafa bututun. Idan an toshe jijiyar hannun hagu ba a haɗa ta ba, awon jini a wannan hannun zai nuna ƙasa da gaskiya, sai a riƙa aunawa a na dama.