Gyaran Ƙwayar Halitta: Abin da Iyayen Masu Sikila Ya Kamata Su Sani

Kwanakin baya, bayan na gama duba wani yaro mai sikila, mahaifiyarsa ta miƙo mini wayarta hannunta yana rawa. Ta ce, "Malama, don Allah gaya mini gaskiya, wai an samo maganin ciwon nan?" Yaron shekararsa tara, kuma na san dararen da ta raba tana riƙe da shi yana kukan ciwon ƙashi. Na ce mata, "Maman yaro, gaskiya ne, amma zauna tukuna, maganar tana da tsawo." Abin da na faɗa mata shi nake so in faɗa wa sauran iyaye, domin labarin yana yawo guntu-guntu, kuma rabin labari kan yi ɓarna.

Jikin mutum tarin ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. A cikin kusan kowace akwai rubutun gado da ake kira DNA, wanda aka gina da haruffa huɗu kacal, suna ta maimaituwa har kimanin biliyan 3. Kowa ya gaji kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Sikila sauyin harafi ɗaya ne tak a cikin umarnin haɗa hemogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini. Wanda ya gaji sauyin daga ɓangarorin biyu, jajayen ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon yake tasowa, da ƙarancin jini, da lalacewar gaɓoɓi.

A shekarar 2012 wasu masana mata biyu, Jennifer Doudna 'yar Amurka da Emmanuelle Charpentier 'yar Faransa, suka nuna yadda za a iya yanka wannan rubutu a daidai wurin da ake so. Dabarar sunanta CRISPR, ana furta ta kirisfa, kuma daga ƙwayoyin bakteriya aka aro ta. Idan bairos ya kai wa bakteriya hari, takan adana ɗan guntun rubutunsa, ran da ya dawo ta gane shi ta datse shi. Masanan sai suka mai da wannan makami almakashi mai ɗan jagora: a ba shi adireshi, ya je ya yanka. Aikin ya sa sun sami kyautar Nobel a 2020.

A watan Nuwamban 2023 Birtaniya ta amince da maganin farko da aka yi da wannan dabara, mai suna Casgevy, na masu sikila, Amurka ta biyo baya a watan Disamba. An amince da shi ne ga masu shekara 12 zuwa sama waɗanda ciwon ke yawan tasar musu. Hikimar da ke ciki ta burge ni ƙwarai. Ba a taɓa harafin da ya sauya ba ma. Jariri a ciki yana da nasa irin hemogulobin wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini, shi ya sa ciwon ba ya nunawa a watannin farko na haihuwa. Daga baya jiki ke kashe shi. To maganin yana lalata makunnin da ya kashe shi ne, sai jiki ya koma yin jinin jarirantaka. A gwajin da hukumar magunguna ta Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda cur ba tare da mummunan tashin ciwo ba. Duk wanda ya taɓa jinyar mai sikila ya san darajar shekara guda babu kwanciya asibiti.

Sai dai ba allura ba ce da za a yi wa mutum ya tashi ya tafi gida. Da farko ana tace ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyacin, wani lokaci sai an maimaita, a kai su ɗakin gwaji a gyara, abin da kan ci watanni. Kafin a mayar masa da su, sai an ba shi magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji don a share tsohon ɓargonsa, wato inda jini ke samuwa. A wannan tsakanin gashi kan zube, baki ya yi gyambo, garkuwar jiki ta faɗi warwas, mutum ya yi makonni a keɓe a asibiti. Maganin share ɓargon yana iya hana haihuwa har abada, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ɗora wa yarinya 'yar shekara goma sha uku ta yanke shawara a kai. Sannan almakashin yana iya kuskure ya yanka inda ba a aike shi ba, shi ya sa za a bi diddigin waɗanda aka yi wa aikin har shekara 15.

Akwai abin da nake roƙon kowa ya riƙe: wanda aka yi wa wannan aiki ya samu sauƙi, har yanzu yana iya gadar wa 'ya'yansa sikila. Ɓargonsa aka gyara, ƙwayoyin haihuwarsa suna nan yadda suke.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ta fi ci mini rai. Farashin da aka sa wa Casgevy a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Alhali jarirai fiye da dubu 300 ake haifa da sikila duk shekara a duniya, akasarinsu a Afirka kudu da Sahara, sai kuma Indiya, kuma da yawansu ba sa kai shekara biyar saboda rashin abubuwa masu araha. Ina murna da wannan ci gaba har zuciyata, amma ban iya kiransa nasara cikakkiya ba muddin waɗanda ciwon ya fi addaba sai dai su ji labari. Masana suna ƙoƙarin samo hanyar yin gyaran a cikin jiki kai tsaye ba tare da share ɓargo ba. A 2025 likitoci a birnin Filadelfiya sun haɗa wa wani jariri mai ciwon hanta na gado maganin da aka tsara dominsa shi kaɗai cikin kimanin wata shida, aka ba shi ta jijiya. Wannan ya nuna hanyar tana yiwuwa.

Mutane kan tambaye ni ko wannan ba shiga hurumin Mahalicci ba ne. Tambaya ce mai nauyi, kuma ina ganin amsarta tana buƙatar malaman addini su zauna da likitoci su fahimci aikin tukuna. Abin da zan iya bayarwa shi ne bambancin da ke tsakanin abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Gyara ƙwayoyin jikin majinyaci magani ne: yana da ciwo, an yi masa bayani, ya yarda, kuma abin ya tsaya a kansa. Gyara ɗan tayi tun kafin a dasa shi a mahaifa wani abu ne daban, domin sauyin zai shiga kowace ƙwaya ta jikinsa, ya wuce ga 'ya'ya da jikoki waɗanda ba wanda ya nemi izininsu.

An riga an taɓa yin haka. A watan Nuwamban 2018 wani masani ɗan ƙasar Sin, He Jiankui, ya sanar cewa an haifi tagwaye mata da ya gyara tun suna 'yan tayi, wai don kare su daga ƙanjamau. Yaran ba su da wani ciwo, kuma akwai hanyoyi tabbatattu na kare jariri daga wannan cuta. Bayanan da ya gabatar sun nuna gyaran bai fita yadda ya nufa ba. Kotu ta ɗaure shi shekara uku a ƙarshen 2019, amma yaran su ne za su rayu da abin da aka yi musu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan yadda ƙasashe za su sa ido a kan irin wannan bincike, kuma ƙasashe da dama sun haramta gyara ɗan tayin da za a haifa.

Ni ina tare da masu haramcin, kuma sikila kanta ta koya mini dalili. Mai AS, wanda ya gaji sauyin daga ɓangare ɗaya, yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Harafin da ke jawo azaba a jikin wani, shi ne garkuwa a jikin wani. Idan harafi ɗaya da aka shafe shekaru ana nazari yana da fuska biyu haka, ina ga dubban da ba a gama fahimta ba? Kuma ran da aka buɗe ƙofar zaɓar wa ɗa tsawo ko launin fata, masu hali ne za su shige, a bar naƙasassu da kallon raini.

Ku yi hattara da 'yan damfara. Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, sai masu sayar da ƙwayoyi da ruwan magani a intanet su ce nasu yana mai da SS, wato mai sikila, ya koma AA, wanda bai gaji sauyin ba sam. Babu abin sha ko na haɗiya da ke yin haka. Aikin gaskiya sai a manyan asibitoci ƙalilan da ke dashen ɓargo.

Ita mahaifiyar yaron ta yi shiru, can ta ce, "To Malama, yanzu ni me zan yi?" Na ce ta ci gaba da kawo shi asibiti ko da lafiyarsa ƙalau, kada ta tsallake rigakafi, ya riƙa shan ruwa sosai, ya kwana a gidan sauro, kuma da zarar jikinsa ya yi zafi ta taho ko da tsakar dare ne. Na ce ta tambayi likita game da haidiroksiyuriya, tsohon magani da shi ma ke ƙara jinin jarirantaka, yana rage tashin ciwo. Yayyensa kuma a gwada jininsu tun yanzu su san matsayinsu, domin AS da AS in suka haɗu, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haifar mai sikila. Ta ce akwai 'yarta babba da ba a taɓa gwadawa ba. Muka sa ranar da za ta kawo ta.