Yaƙutun Haɗi

Yaƙutun haɗi shi ne wanda ake ƙerawa a masana'anta, ba daga ƙasa ake haƙo shi ba. Sinadarinsa ɗaya ne da na ƙasa, wato aluminiyam oksaid, taurinsa kuma 9 ne a ma'aunin Mohs, inda daimon ke da 10. Don haka ya sha bamban da rinannen gilashi da ake liƙa wa zobba masu arha.

Tarihi

A Faransa aka faro aikin, kuma da jan yaƙutu aka soma. A 1877 Edmond Frémy da abokin aikinsa Feil suka samar da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ba su kai a sa su a zobe ba. Wajen 1885 wasu jajayen duwatsu suka ɓulla a hannun dillalai, ana ce musu yaƙutun Janiba, aka yi ta sayensu da tsada kafin a gane haɗi ne. Auguste Verneuil, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Frémy, shi ya sanar da hanyarsa a 1902: ana zubo garin sinadarin kaɗan-kaɗan ta cikin harshen wutar haidirojin da oksijin, ya narke a zafin da ya haura digiri 2,000, ya riƙa ɗiga yana daskarewa har ya zama curi mai siffar karas. Shuɗin yaƙutu ya ba shi wahala, sai wajen 1910 ya samu. Har yau wannan hanya ce mafi arha. Akwai kuma hanyar Czochralski, mutumin Foland, wadda ta samo asali a 1916, inda ake zaro dutsen a hankali daga narkakken sinadari, da ta narkarwa a tukunya mai ɗaukar watanni. A 1947 kamfanin Linde na Amurka ya fitar da yaƙutun haɗi mai nuna siffar tauraro a fuskarsa idan haske ya faɗa masa.

Launi

Tsantsarsa ba shi da launi, garau yake kamar ruwa. Ƙarfe da taitaniyam ke ba da shuɗi, kuromiyam kaɗan ya ba da ruwan hoda, idan ya yi yawa sai ja. Nikel ake sa wa rawaya.

Ganewa

Ido kaɗai bai isa ba. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, na Verneuil yakan nuna layuka masu lanƙwasa da ƙananan kumfa, na ƙasa kuwa layukansa miƙaƙƙu ne masu kusurwa. Dutse babba, marar ko ɗigon tabo, mai arha, abin a yi masa tambaya ne.

A Bauchi da Gombe

A zoben azurfa na maza da 'yan kunnen mata aka fi ganinsa, kuma shigo da shi ake yi. Na ƙasa ana haƙo shi a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba, maƙwabciyar jihohin biyu, da kudancin Kaduna. Wasu 'yan kasuwa na kiran na haɗin jabu, wasu na cewa yaƙutu ne muddin an gaya wa mai saye asalinsa.