Laƙabin Tsofaffin Jiragen Sama: Amsoshin Tambayoyin Da Aka Dame Ni Da Su

Kamfanin da ya ƙera jirgi ne ke laƙaba masa suna?

Galibi a'a. Kamfani lamba yake bayarwa, wani lokaci da sunan talla. Laƙabi aikin matuƙa ne da makanikai.

Me ya sa ake ce wa MD-80 "Mad Dog"?

Daga haruffan M da D. Ga ƙara, ga tashi da zafin nama, shi ya sa "mahaukacin kare" ya bi shi.

"Jurassic" fa?

Boeing 737-200 ke nan, na ƙarshen shekarun 1960. Tsokana ce, wai tun zamanin dabbobin da suka ƙare yake. Ƙannensa 737-300 zuwa 500 su ne "Classic". Ku daina haɗa su, injinsu ma daban.

Jirgin da zan shiga "Classic" ne, in fasa tafiya?

Kwantar da hankalinka. Laƙabi zamanin ƙira yake nunawa, ba lafiyar jirgi ba. Alhazan da suka tashi daga Kano a Boeing 747-200 na kamfanin Kabo, "Classic" suka hau, domin tsofaffin 747 ma haka ake ce musu; injiniya ne mutum na uku a ɗakin tuƙinsa, sai 747-400 ne ya mayar da aikin na mutum biyu a 1989. Amma ba zan ce shekaru ba su da tasiri ba. Injiniyoyi sun fi duba yawan tashi da sauka, domin kowane tashi gangar jirgi na ɗan kumbura da iskar da aka cusa ciki, ta kuma saki, ƙarfe ya yi ta gajiya. A 1988 rufin wani 737-200 na kamfanin Aloha ya yage a sararin Hawaii; shekararsa 19 kacal, amma ya tashi kusan sau 90,000. Don haka ya danganta da kamfanin, da ko yana kai jirgin babban gyara kan lokaci, da ko hukuma na sa ido. Fasinja kuwa ba ya ganin waɗannan takardu. Tarihin kamfanin za ka bincika.

Gaskiya ne ana kiran DC-10 "Death Cruiser", wato "jirgin mutuwa"?

An kira, bayan haɗarin Faris na 1974 da ya ci rayuka 346 saboda ƙofar ɗakin kaya. An gyara ƙofar, jirgin ya ci gaba da aiki shekaru da yawa, har da Nigeria Airways.

Shi 727 me ya yi aka ce masa "mai rami uku"?

Je ka nemi hotonsa ka ƙirga injinan bayansa.