Haya ko sayen parsel a Yamai: ka tambayi ruwa tukuna

Me ya sa parsel ke araha a wasu kartiye, wasu kuma ba a taɓawa?

Nisa da gudiro na ciki, amma sau da yawa ruwa ne. Dillali zai ɗauke ka bisa moto a watan Maris ƙasa a bushe ƙayau ya nuna maka wuri ya ce mai shi matsuwa ce ta kama shi, kai kuma ka ga banza ta faɗi. Don Allah kar ka biya sai ka ga wurin a Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi.

To ina ne ruwan ya fi ci?

Bakin kogi dai an sani. A Satumba 2020 kogin Isa ya kai wajen santimita 700 a ma'aunin Yamai alhali daga 620 ake shiga jan gargaɗi, madatsa ta fashe, kartiyen Lamorde da Karaje da Kirkisoy suka cika, mutane da kwalekwale suka fitar da kaya. Wannan jan ruwan damina ne da kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke zubowa, ba ruwan Gine ba da ke isowa lokacin ɗari. Amma fa ko kana nesa da kogi ba ka tsira ba, kwarin Gunti Yena ya ratsa tsakiyar gari, kuma duk inda aka gina kan hanyar ruwa ko kanibo ya toshe da leda, cikin ɗaki zai same ka.

Ya zan gane in da rani na je dubawa?

Dubi gindin bango. In ka ga layi kamar an ja da igiya, ƙasansa fenti ya kumbura yana ɓarewa, nan ruwa ya tsaya. Dubi ƙofofin maƙwabta, in kowa ya ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu ko ga tsofaffin buhunan yashi a jibge, ka samu amsa. Sannan ka tambayi mai tebur na kan kwana, shi ba ya da kamasho.

Gidan banko fa?

Ya fi sanyi, kuma shi talaka ke iyawa, abin da ke kada shi ruwa ya kwana a gindinsa. Ko tsohon masallacin Damagaram a damina 2024 ya faɗi. A Oktoban shekarar gwamnati ta rage kuɗin siminti, tan ɗin siminti mai lamba 32.5 ya koma jika 55 a Yamai, to in ba halin gina duka, a ɗaga fandisho da siminti a gyara indararo.

Mai haya ma sai ya damu?

Sosai ma, katifa da takardun yara naka ne ba na mai gida ba. Kafin ka zuba abans da kosiyo ku yi magana gaban shaidu wa zai gyara in rufi ya yi yoyo. Kuma ka shiga ɗakin da ƙarfe biyu na rana, kwano ba silin a Afrilu zafi ya haura 40 ga kuran na ɗaukewa, yara da tsofaffi ne ke shan wuya.

Ina da takardar parsel, ba shi ke nan ba?

Ka kai ta mairi a duba ko ba a sayar wa mutum biyu ba, ka tambaya kuma ko wurin na cikin inda aka hana gini saboda ambaliya.