Waiwaye: Tun kafin waya mai kyamara ake wuce wanda ya faɗi a hanya

Duk lokacin da bidiyon haɗarin mota ya karaɗe Facebook, ga mutum kwance cikin jini, ga jama'a sun yi masa zobe kowa da waya a sama, sai muhawara ta dawo sabuwa. Wasu su ce waya ce ta busar mana da zuciya, wasu su ce ƙarshen zamani ne, imani ya yi ƙaranci. Alhali masana halayyar ɗan Adam sun fi shekara 50 suna bin diddigin wannan magana.

Labarin da aka fi sani shi ne na Kitty Genovese, wadda aka kashe a New York a 1964, aka yi ta yaɗa cewa mutum 38 sun shaida abin amma ba wanda ya motsa. Daga baya aka gano an ƙara wa labarin gishiri. Duk da haka shi ya sa John Darley da Bibb Latané suka yi gwajinsu na 1968, suka nuna cewa idan taro ya yi yawa, kowa sai ya tsaya jiran wani ya fara.

Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne binciken da Darley ɗin da Daniel Batson suka fitar a 1973. Ɗaliban makarantar horar da limaman coci da ke Princeton suka ɗauka, mutanen da ba za a ce ba su san darajar jinƙai ba. Aka ce kowanne ya tafi wani gini na kusa ya yi ɗan jawabi. Wasu aka ba su batun aikin da ke jiransu bayan karatu, wasu kuwa aka ce su yi magana a kan misalin Basamariyen nan na cikin Linjila, wanda ya tsaya ya ɗauki mutumin da 'yan fashi suka yi wa duka suka yar a hanyar Urushalima zuwa Yariko. Wani a ce masa akwai sauran lokaci, tafi a hankali. Wani a ce masa an shirya, ɗan hanzarta. Wani a ce masa ka makara, tun ɗazu ake jiranka.

A lungun da za su bi an ajiye mutum ya zube a bakin ƙofa, kai a sunkuye, ido a rufe, yana tari yana nishi. Cikin waɗanda aka ce suna da lokaci, kashi 63 cikin 100 suka taimaka. Masu ɗan sauri, kashi 45. Waɗanda aka ce sun makara kuwa, kashi 10 kacal. Batun jawabin bai kawo wani bambancin a zo a gani ba. Har akwai waɗanda suka tsallake mutumin da ƙafa, suna sauri su je su yi wa'azi a kan Basamariye. Da dariya a ciki, amma wanda ya taɓa tsere da lokacin sa hannu a wurin aiki, ko yana sauri ya ɗauko yara daga makaranta, dariyar ba za ta yi masa nisa ba.

Batson bai tsaya nan ba. A 1978 ya sake gwajin da wasu ɗalibai, sai ya ga cewa mai sauri ya fi wucewa idan ya ɗauka wanda ke jiransa can yana matuƙar buƙatarsa. Idan aka nuna masa zuwan nasa ba dole ba ne, ko ya makara yakan tsaya. Ashe nauyi biyu ne ke rinjayar juna a ƙirjin mutum, ga na kwance a ƙasa, ga na wanda ya yi wa alkawari. Ni a nan nake ganin bakin zaren: rayuwar da kowa ke gudu, kowa da mai jiransa.

A 2019 kuma Richard Philpot da abokan aikinsa suka duba faifai 219 na kyamarorin kan titi a Amsterdam ta Netherlands da Lancaster ta Birtaniya da Cape Town ta Afirka ta Kudu, inda rigima ta kaure tsakanin mutane. A wajen 9 cikin kowane 10, an samu aƙalla mutum ɗaya da ya shiga tsakani, kuma yawan 'yan kallo ƙara yiwuwar hakan ya yi.