Idan tauraro ya ce "ƙarya ake yi min", yaya za mu auna maganarsa?

Da zarar matar wani fitaccen mawaƙi, ko 'yarsa, ko ƙanwarsa ta fito ta ce yana azabtar da ita a gida, kafin gari ya waye sanarwa ta fito: sharri ne, ana son ɓata masa suna. Masoya su ce daman sun sani, maƙiya ma su ce daman sun sani. Ga tambayoyin da mai son adalci yake yi wa kansa a tsakiyar wannan hayaniya.

Musantawar kanta tana nuna gaskiya?

Kusan ba ta nuna komai. Mai laifi da wanda aka yi wa ƙazafi duk kalma ɗaya suke furtawa. A watan Nuwamba na 2023, mawaƙiya Cassie Ventura ta kai tsohon saurayinta, mawaƙin Amurka Sean Combs, ƙara kan duka da cin zarafi. Lauyansa ya musanta da kakkausar murya, washegari kuma aka sasanta. A watan Mayu na 2024, CNN ta saki bidiyon kyamarar wani otal a Los Angeles na shekarar 2016, ga shi yana jan ta a ƙasa yana shurinta. Bayan kwana biyu ya fito ya nemi gafara. Wata shida ke nan mutane suna rantsuwa da musantawar da ba ta da tushe.

Amma na ga ya yi kuka, fuskarsa ta nuna gaskiya yake faɗa.

Mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska, sai dai a nan fuska na yaudara. A 2006, masana halayyar ɗan Adam Charles Bond da Bella DePaulo sun tattara bincike fiye da 200 kan yadda mutane ke gane ƙarya, suka ga ana dacewa kashi 54 cikin 100 ne kawai, wato kusan canki-canka. Balle mutumin da sana'arsa ke nan, ya sa ka kuka a gaban kyamara. Ita ma mai zargin, rashin hawayenta ba ya nufin ƙarya take.

To me zan duba a cikin sanarwar?

Nan ne aikin yake. Karanta ta a hankali, kamar mai duba takardar bashi. An ce ya karya mata hannu ranar kaza, shi kuma ya ce "ina ƙaunar iyalina fiye da raina". Ai wannan bai amsa komai ba. Wanda ya ce "ranar nan ba na ƙasar, ga tikitin jirgina" ya ba ka abin da za a iya bincika, kuma ya sa wuyansa, domin in ƙarya ce za a kama shi.

Duba kuma ina ya karkata akalar maganar. Masaniyar halayyar ɗan Adam Jennifer Freyd ta bayyana wani salo a 1997: a musanta, a far wa mai zargin, sannan a juya lamarin har wanda ake zargi ya zama shi ne abin tausayi. Sai ka ji ana cewa mahaukaciya ce, kuɗi take nema, wani ne ya zuga ta. Ni dai raina yana ɓaci idan na ga sanarwa ta ƙare a kan halin mace ba tare da ta taɓa zargin ba. Duk da haka, wanda aka zalunta da gaske ma yana iya fusata ya yi zagi. Alama ce ta a ƙara sa ido, ba hujja ba.

Me ya sa ta yi shiru shekara da shekaru?

Domin wanda take zargi shi ne mai biyan kuɗin gida da makarantar yara, shi ne mai lauyoyi, kuma miliyoyin mutane suna shirye su zage ta saboda shi. Wasu ma an sa su sa hannu kan yarjejeniyar rufe baki. Jinkiri abu ne da aka saba gani a cin zarafin cikin gida.

Idan kotu ta yi hukunci, magana ta ƙare?

Sai ka san tambayar da aka yi wa kotun. A Nuwamban 2020, alƙali Andrew Nicol a Landan ya yanke cewa jaridar The Sun, wadda ɗan fim Johnny Depp ya kai ƙara, ta tabbatar da 12 daga cikin zarge-zarge 14 da tsohuwar matarsa Amber Heard ta yi masa cewa ya dake ta. A Yunin 2022 kuma, masu taya alƙali yanke hukunci a jihar Virginia ta Amurka suka ce Heard ta ɓata masa suna. Duka biyun shari'un ɓata suna ne, ba na manyan laifuka ba, da dokoki daban da shaidu da ba su zo ɗaya ba. Kowane ɓangare yana ɗaga hukuncin da ya yi masa daɗi yana ɓoye ɗayan.

Sauran 'yan gidan sun goya masa baya fa.

Gida ɗaya na iya rabewa biyu. Dylan Farrow tana zargin daraktan fim Woody Allen, wanda ya ɗauke ta riƙo, da cin zarafinta a 1992 tana shekara 7. Ya musanta, kuma ba a taɓa gurfanar da shi kan haka ba. Ɗan'uwanta Ronan yana bayanta, Moses kuma yana bayan Allen, alhali uwa ɗaya ce ta raine su. Ɗan'uwa zai iya shaida abin da ya gani da idonsa, amma abin da ya faru a ɗakin da ba ya ciki, shi ma ji ya yi.