Ƙaramar fankar sola ta jiragen ruwa: za ta yi aiki a rufin kwantena a Kano?

Tun da na ɗora wata ƙaramar fanka mai sola a rufin kwantenar yayana da yake ajiye atamfa a kusa da Kantin Kwari, maƙwabtansa ke tare ni da tambayoyi. Ga waɗanda aka fi yi mini.

Wace irin fanka ce wannan?

Asalinta ta jiragen ruwa ce masu tafiya da ƙarfin iska, irin waɗanda ake ɗaurewa a gaɓar teku a Turai da Amurka su yi watanni a rufe. Ɗakin cikin jirgi yana tara danshi, katifu da igiyoyi su yi fumfuna. Sai ake huda saman jirgin, rami mai faɗin inci 3 ko 4, a dasa wata aba kamar faifai. A samanta akwai ƙaramin farantin sola, a ƙasansa ƙaramin inji da fuka-fukai. Rana na fitowa take juyawa, babu waya, babu jiran wutar lantarki. Wasu suna da batir a ciki da ke cika da rana, ya ci gaba da juya ta da dare.

Za ta rage mana zafin bazara?

Alhaji, kada ka saye ta da wannan niyya. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, kwantena kuwa ƙarfe ce, tana gasuwa kamar tanda. Wannan fanka ba ta hura wa mutum iska. Aikinta ta zuƙe iskar da ta kwana a ciki ta fitar, sabuwa ta shigo. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗauke da iska wajen kubik mita 33, fankar kuma a hankali take ja. Inda take da amfani sosai shi ne damina. Wanda ya taɓa buɗe kwantena da sassafe a watan Agusta ya san yadda rufin ke gumi, ruwa yana ɗiga a kan kwalaye, ga warin rima ya kama yadi. Wannan hasarar ce ta dame ni, ita kuma fankar ke ragewa.

Huda rufi ba zai jawo yoyo ba?

Nan ne duk maganar take. A jirgin ruwa saman faiba ne, sau da yawa da katako mai laushi a tsakiya. Idan aka huda ba a shafe bakin ramin da gam mai ƙarfi ba, ruwa yana shiga katakon ya ruɓe a ɓoye. A kwantena kuma tsatsa ce abokiyar gaba. Rufinta yana da tudu da kwari, don haka a nemi inda ruwa ba ya kwanciya. Bayan an yanka, a goge bakin ƙarfen, a shafa fenti mai hana tsatsa, a bari ya bushe, sannan a zuba silikon a kewaye da kuma ƙarƙashin kowane sukuru. Ni da kaina na yi gaggawa a karon farko, na bar gefe guda da ɗan gibi da bai kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Ruwan farko da aka yi, turmi biyu na atamfa suka jiƙe. Yanzu sai na kwara bokitin ruwa a kai, wani yana ciki yana dubawa, kafin in sauko.

Guda ɗaya ta isa?

Sai da mashiga. Iska mai zafi sama take tashi, don haka fankar ta zauna a sama tana fitarwa, a buɗe wata ƙaramar kafa can ƙasa a ɗaya ƙarshen, a sa mata raga saboda ɓeraye.

Kulawa fa?

Ƙurar hunturu tana rufe farantin har fankar ta rage gudu ko ta tsaya cik. A aika yaro ya hau da tsumma mai ɗan ruwa duk mako. Kada a dasa ta inda inuwar darbejiya ko ta bene ke faɗawa. Idan kuma ka ga ta daina juyawa da dare amma tana yi da rana, batirin ne ya gaji, a buɗe murfin a sauya shi.